Kunnen Barau Mai Katako

Wani mutum ne a Funtuwa, Barau Mai Katako, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse da ƙarfe aka ƙera shi. A faɗarsa, kunama ta taɓa harbinsa, ita ce ta kwanta jinya. Ƙusa ta taɓa shige masa tafin ƙafa, bai sani ba sai da ya zo cire takalmi ya ga takalmin ya ƙi fita. Kullum a bencin Iliya mai shayi labarin ke nan. Ga shi kuma ana shirin zaɓen shugaban 'yan sintirin unguwa, shi kuwa ya ƙwallafa rai, sai kurin ya ƙaru har ya fi na da.

Ana nan sai wata mura ta kama shi. Da ta tashi tafiya, ta bar masa kunnen dama a toshe ɗif. A ce masa, "Ina gajiya?" ya ce, "Wace Hajiya?" Ya ɗiga man zaitun, ya sha saiwa, ya sha ƙwayoyin kemis, shiru. Da abin ya ishe shi ya tafi babban asibiti wurin likitan kunne.

Likita ya haska, ya leƙa, ya ce, "Malam Barau, ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenka, ya rasa hanyar fita. Za mu ɗan huda wurin, mu zuƙe ruwan, mu sa wani ɗan bututu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, iska ta riƙa shiga."

Barau ya ji kalmar "huda" sarai, da kunnen hagu.

"Zaɓi biyu ne," in ji likita. "Ko mu ɗiga maka maganin da zai kashe wurin, idonka biyu, ka ɗan ji raɗaɗi kaɗan, nan da nan an gama. Yawancin manya haka muke yi musu. Ko kuwa a yi maka allurar barci, ka farka ka tarar an gama. Amma in barcin ne, ranar ba ci ba sha, da cikinka wayam za ka zo."

Barau ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ga ba kowa. Ya matso da kujera.

"Likita, barcin. Mai nauyi. Kuma don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Da yamma kuwa ya iso bencin mai shayi yana tafiya ƙasaita-ƙasaita.

"Huda mini kunne za a yi," ya ce. "Likita har roƙona ya yi, wai in yarda a yi mini allurar barci. Na ce ni? Ni da aka yi mini kaciya ina cin gyaɗa? Na ce ko maganin kashe zafin ma ya ajiye wa mata da yara. A tsaye za a yi mini!"

Jama'a suka ɗauki "Kai! Sai Barau!" Amma akwai Tanimu direba, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya san shi ciki da bai. Shi murmushi kawai ya yi, ya ce, "Ai kuwa ba za a yi wannan ba mu ba. Ni zan kai ka da motata."

Ranar aiki da safe, Barau ya fito da yunwa tana ƙwaƙular cikinsa, ya tarar da mota a gaban teburin Iliya, maƙil da 'yan sintiri. Tanimu ya riƙe shi ya zaunar.

"Iliya, soya wa maigida ƙwai da albasa mai yawa. Haɗo shayi mai kauri."

"A'a, bar shi," in ji Barau. "Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi?" Tanimu ya ɗaga murya yadda kunnen hagu zai ji, da duk kunnuwan da ke wurin. "Lokacin da aka yi wa maiɗakina aiki, cewa aka yi wanda za a sa barci ne kaɗai ake hana wa abinci. Ko dai barcin za a yi maka ne, Barau?"

Ido ya yi caa a kansa.

"Ni? Iliya, ƙaro burodi!"

Ya ci ƙwai, ya ci burodi, ya kora da shayi, gumi na tsattsafo masa a goshi. A ransa yana cewa in ya yi shiru wa zai sani?

Aka isa asibiti. Abokai suka jeru a bencin baranda, daidai ƙofar ɗakin likita. Nas ta shigar da Barau, ta rufe ƙofa.

"Baba, ka ci wani abu yau?"

"Ko ruwa ban sha ba."

Bai rufe baki ba gyatsa ta ƙwace masa, gaaat! Warin albasa ya cika ɗakin. Nas ta kalli likita, likita ya kalli gemun Barau, inda ɓarɓashin burodi ke zaune abinsa.

"Malam Barau, ba wasa ba ne. In muka sa ka barci da abinci a ciki, zai iya dawowa ya shiga huhunka. Yau ba barci. Ko dai ka koma gida mu sake sa rana, ko mu kashe wurin mu yi yanzu."

Barau ya kalli ƙofa. In ya fita ba a yi ba, Tanimu zai ce tsoro ya ji, shugabanci ya tafi. Ya kalli taga, ya ga ƙarfe ne a jiki.

"A yi."

Aka kwantar da shi, aka karkata kansa. Likita ya ɗauko ɗan tsinke ya taɓa maganin a dodon kunnen. Wani ɗan raɗaɗi ya yi masa tsit, kamar cizon cinnaka.

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ya kashe ni!"

"Malam Barau, kada ka motsa kai."

"Ina barcin da muka yi alkawari? Likita, ka ci amanata! Na ce mai nauyi! Ku kawo allurar, na yafe huhun!"

Nas ta dafe masa goshi, shi kuwa ya damƙe gefen gado har gadon na kaɗawa kaf-kaf-kaf. Likita ya huda wurin, Barau bai ma san an yi ba, yana can yana salati. Sai aka kunna injin zuƙe ruwa. Ƙarar ta cika masa kai, shuuuu, kwarrr!

"Ƙwaƙwalwata! Jama'a, ƙwaƙwalwata yake zuƙewa! Tanimu, ka shigo! Ka faɗa wa matata Lantana ta yafe mini!"

Can ya ji an saki goshinsa. Ya runtse ido, ya haɗa hannu biyu.

"Likita, na roƙe ka, kada ka fara hudawar. Mu bari sai bayan Salla."

"Ai an gama. Bututu na ciki. Tashi."

Barau ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Kunne ya buɗe tar, har ƙarar fanka yake ji. Ya miƙe, ya share hawaye da hannun riga, ya gyara zaman hula, ya ja numfashi, ya turo ƙofa yana taku ɗaiɗai.

'Yan sintiri na zaune, kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Tanimu ya cusa hula a baki.

"Kun ji wani raggo a ɗakin da ke kusa da namu?" in ji Barau. "Ya cika asibiti da ihu. Ni har tausayi ya ba ni. Da likita ya gama da ni cewa ya yi bai taɓa ganin..."

"Baba," nas ta leƙo, "ɗakin kusa da mu ai sito ne. Ga takalminka ɗaya, ƙarƙashin gado ka harba shi."

Sai wata tsohuwa da ke ƙarshen benci ta dogara sanda ta miƙe. Nas ta matsa kusa da kunnenta ta ɗaga murya.

"Iya, ke ce a layi, shigo!"

Tsohuwa ta girgiza kai, ta gyara mayafi.

"A'a, 'yar nan, ni gida zan koma, na warke. Tun bara ko tsawa aka yi ba na ji. Amma yau, albarkacin bawan Allahn nan, tun daga 'Wayyo Inna' har zuwa 'Lantana ta yafe mini', ba abin da ya wuce ni."