Haƙorin Na-Iya

"Ni Na-Iya in bi layi? Ai mahaukaci kaɗai ke tsayawa a bayan ƙeyar wani!"

Haka kafintan unguwarmu yake cika baki. Shi a wurinsa kowa mahaukaci ne: direba, mai gidan haya, har matarsa in ta ce ya sa hula. Sai ga haƙori ya kama shi, ciwo na hauka, kunci ya kumbura kamar ya ɓoye lemo. Matar ta raka shi asibiti, suka tarar da layi har bakin ƙofa.

"Maigida, mu zauna, ai layin yana tafiya."

"Zauna ke, uwar haƙuri. Yanzu za ki ga aikin ƙwaƙwalwa."

Gogan naka ya tuɓe riga ya naɗa a ka, ya rataya takalmi a wuya, ya hau benci yana haushi irin na kare. Nan da nan layi ya watse. Wata tsohuwa da ta shigo da sanda ta fita ba ita. Na-Iya ya kashe wa matarsa ido, ya nufi ƙofar likitan haƙori yana taƙama.

Bai kai ba. Wasu ƙarti biyu masu fararen kaya suka cafke shi ta baya.

"Kai, ku sake ni! Wasa nake! Haƙori ne ya kawo ni!"

"Sannu, Baba, za a duba," in ji ɗaya, yana ƙara matse shi.

Suka wuce da shi can ɓangaren masu taɓin hankali, suka ɗaure a gado. Yana kwance ya jiyo ana kiran sunansa daga ɗakin haƙori, tunda shi da kansa ya kori duk na gabansa. Ya yi ihu, ya yi rantsuwa, haƙori kuwa sai zugi yake.

Can likitar ɓangaren ta shigo tare da matarsa.

"Yauwa! Uwargida, gaya musu lafiyata ƙalau!"

Likita ta ce, "Baiwar Allah, ya daɗe yana irin wannan?"

Matar ta dubi rigar da ke kansa, ta dubi takalmin wuyansa, ta gyara mayafi.

"Wallahi likita, tun da aka kawo ni gidansa haka na same shi. Yau ma da sauƙi."