Muguwar Sa'a a Ɗaurin Auren Sule

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da safiyar Litinin ɗin da aka ɗaura wa ƙanena Sule aure. Ni ne wakilin ango, kuma saura ƙiris in rusa auren da hannuna.

Ni bafataken auduga ne. Da jakin aro na fara, ina bin ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi ina saye, in kai wa masu kaɗi da masaƙa a ƙasar Kano. Ban gaji komai ba sai Sule, wanda iyayenmu suka bar mini yana rarrafe. Mutane sun san ni da magana ɗaya, kuma na sha bugun ƙirji a kasuwa cewa ban da Allah ba na tsoron komai.

Wata shekara a zango na kwana da wani tsohon Alhaji da ya dawo daga Makka a ƙasa, bayan ya daɗe a hanya. Ya ce ya yi dako a bakin Bahar Maliya, wurin wasu attajirai mutanen Hindu da ake kira Baniyan. Ya ce su yini guda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yanki takwas suke raba shi. A kowace rana akwai yanki ɗaya da suke ce wa na Rahu, wani mai haɗiye rana a labarinsu, kuma a cikinsa ba su fara ciniki, ba su kama hanya, ba su ƙulla aure. Na Litinin shi ne yanki na biyu, wato da hantsi, na Asabar na uku, haka dai ya jero mini su.

"Kuma suna da dukiya?" na tambaye shi.

"Dukiya? Ai jiragen ruwa gare su, ɗana."

Shi ke nan, ban ƙara tambayar komai ba. (Ni da ba na sayen kwandon auduga sai na zura hannu har ƙasa, sai ga ni na sayi sirrin mutanen da ban taɓa gani ba da ƙwaryar goro.) Na riƙe abin a cikina, don na san in malamai suka ji za su ce canfi ne. Kullum na ga rana ta fito sai in fara lissafi a zuci. In muguwar sa'ar ta shigo sai in ce kaina ke ciwo, in kwanta a zaure. Ciniki kuwa ya yi ta albarka, jakuna suka ƙaru, na ce lallai na kama bakin zaren.

Sule ne kaɗai ya gane, domin shi ke ɗaure wa jakai kaya. Bai taɓa ce mini uffan ba.

Yarinyar da yake so, Rakiya, 'yar wani manomi ce a ƙauyen da ke gaba da Gozaki, Malam Bawa. Mutum ne mai tsauri, wanda ba ya ganin fatake da gashi. Sai da muka yi ta sintiri kafin ya yarda, kuma a gabana ya ce, "Ba na ba da 'yata gidan da ban san halinsa ba. Na ga abu ɗaya da bai yi mini ba, na fasa." Sannan ya sa rana: Litinin, da hantsi.

Sa'ar Rahu ke nan. Na ce, "Malam, da an bari sai bayan azahar, mutane sun fi taruwa."

"Da hantsi na ce. Liman zai wuce garin Dayi gaisuwar mutuwa."

Muka iso tun ranar Lahadi muka sauka gidan wani maƙwabcinsa. Da asuba ina idar da salla na fito fili na tsaya, na ga rana ta ɓullo daga ƙarshen gonaki, ja wur, babu abin da ya tare ta. Na ƙirga abina. Lokacin da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Bawa, aka ajiye goro, liman ya gyara zama, daidai lokacin muguwar sa'ar ta kunno kai. Na dubi Sule, ya sha sabuwar riga, sai murmushi yake. Na ce a raina, yaron da na goya a bayana ba zan ƙulla masa aure a bakin Rahu ba. Dabara ta zo mini: babu wakili, babu ɗaurin aure.

Na dafe ciki, na ɗauki buta. "A gafarce ni, bari in ɗan kewaya."

Na zaga bayan gida, wajen rumbuna, na tsuguna a gindin wata kuka ina duban inuwa. Inuwa kuwa ta ƙi motsi, kamar an kafe ta da turke. Can sai na jiyo muryoyi.

"Mai auduga! Ina wakilin ango? Ku duba ta wajen kukar nan!"

A nan hankalina ya bar ni. Kusa da ni akwai wani babban rumbu na laka, an ɗage murfinsa, an jingina masa tsani, domin tun jiya mata ke ɗibar gero a ciki saboda abincin biki. Na yar da buta, na tattare babbar riga, na hau, na zura ƙafafu ta baki na saki jiki. (Ka san rumbu: bakinsa a sama yake, ƙunci gare shi, cikinsa kuwa faɗi da santsi kamar tulu.) Na zaci cike yake. Ashe an kusa kwashe shi. Na faɗa tim a kan 'yan dammunan da suka rage, ƙura ta tashi, bakin rumbu ya koma can sama inda ko da tsalle hannuna bai kai ba.

Masu nema suka wuce. Na ce to, in sa'ar ta fita sai in san yadda zan yi. Amma ƙaiƙayin gero bai san da wata sa'a ba. Ya shiga wuyana, ya bi ta hannun riga, ya sauka har inda ba a faɗa. Ina susa da hannu biyu, ina danne atishawa da gefen rawani, sai na ji tsani yana ƙara. Haske ya toshe. Wata tsohuwa, kakar amarya, ta leƙo da ƙwarya a hannu, don ta ga ko geron zai kai. Muka haɗa ido. Atishawar da na daɗe ina riƙewa ta zaɓi wannan lokaci.

"Wayyo Allah! Ɓarawo! Ɓarawo a rumbu, har da rawani!"

Kafin ka ce kwabo duk taron ɗaurin aure ya dawo bayan gida, wasu da sanduna, wani da tabarya. Na ji ana cewa a kawo wuta a yi masa hayaƙi. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ni ne! Kada a kawo wuta!"

Sai muryar Sule, a sanyaye: "Yaya?"

Da igiyar rijiya aka jawo ni, ƙarti na ja, ni ina maƙale a bakin rumbu kamar an toshe tulu da tsumma. Na sauko fari fat, rawani ya warware, gemu cike da ƙaiƙayi. Tsohuwar ta tafa hannu.

"Au, wan mijin namu ne? Tun ba a ɗaura ba kun fara auna mana hatsi?"

Mutane suka fashe da dariya, amma ban da Malam Bawa. Ya tako har gabana. "Me kake nema a rumbuna?"

Na dubi Sule. Murmushin nan ya tafi. Hanya biyu ce a gabana: in yi shiru a ce wan ango ɓarawon gero ne, ko in faɗi gaskiya a san cewa mai bugun ƙirjin nan tsoron hantsi yake. Ɓarawo ba a ba ƙanensa mata. Wawa kuwa wataƙila a ba shi. Na zaɓi wauta. Na kwashe labari duka na faɗa, tun daga zango har Rahu, ina yi ina susa.

Liman, wani dattijo mai sanyin magana, ya saurara har na gama. Ya ce, "To, su mutanen can sun san abinsu, mu kuma rana duk ta Allah ce a wurinmu. Amma in tambaye ka. Ka ce daga fitowar rana ake ƙirgawa. A gida daga ina kake ganin fitowarta?"

"Daga ƙofar zaurena, malam."

Sai Sule ya yi gyaran murya. "Allah gafarta malam, gidanmu a gindin dutsen Funtuwa yake, ta yamma. Rana ba ta leƙo mu sai hantsi ya yi. Lokacin da Yaya ke cewa ta fito, manoma sun daɗe a gona."

Liman ya ƙirga da yatsu. "Ke nan lissafinka kullum a makare yake. Ranar Litinin yaushe kake sallamar jakai?"

"Da na ga rana," na ce, murya ƙasa ƙasa.

"Wato a tsakiyar sa'ar da kake gudu. In ta wuce kuma sai ka kwanta ciwon kai." Ya juya ga jama'a. "Shekara da shekaru bawan Allah yana ciniki a muguwar sa'a yana samun albarka. Yau ne kaɗai ya ga fitowar rana daidai, ya ƙirga daidai, ga kuma inda lissafin ya kai shi."

Wannan karon har masu sanduna sai da suka zauna a ƙasa don dariya. Ni dai Malam Bawa nake kallo. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya dube ni daga rawani har ƙafa, ya dubi rumbu, ya dubi Sule.

"Don kada auren ƙanenka ya lalace ka shiga nan?"

"Don shi ne, Malam."

"Ka taɓa gero?"

"Shi dai ya taɓa ni."

Gefen bakinsa ya ɗan karkace, ya yi sauri ya shafa gemu. "Na ce in na ga abin da bai yi mini ba na fasa. Wannan bai yi mini ba ko kaɗan. Amma hankali ne babu, ba amana ba, kuma ba kai zan ba 'yar ba. Ku koma tabarma, liman na da tafiya."

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin zagin nan ba. Muna komawa na ɗan saci kallon sama, liman ya kama ni. "Sunkuyar da kai, wakili. Ka nema wa ƙanenka aure."

Na nema, aka ba ni, aka shafa fatiha, hannuna ɗaya na karɓar addu'a ɗaya na cikin riga. Har yau ban san ko a cikin sa'ar aka ɗaura ko bayanta ba. Rakiya dai tana ɗakinta, 'ya'yanta sun cika mana gida, kuma duk wanda ya fara wayo a cikinsu sai an ba shi labarin baffansa. A ƙauyen nan kuwa ko yanzu na je sayen auduga sai wani ya ɗaga murya ya ce a rufe rumbuna.

Tun daga ranar, in zan fara abu bismilla nake yi in fara. Ba zan yi maka ƙarya ba, wata Litinin ɗin nakan ɗaga kai in dubi hantsi, hali zanen dutse. Amma na koyi abu ɗaya da babu Alhajin da ya kawo mini shi daga gabas: duk maɓoyar da tsoro ya nuna maka, leƙa tukuna ka ga ko akwai tsani ta ciki.