Karin kumallon Karim

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai ƙarar mutumin da na yi wata biyar ina cinye wa karin kumallo.

Wankin mota nake yi a wani garejin bas-bas da ke Kudai, a Makka. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Sau biyu ana mayar da ni gida, sau biyu ina dawowa, sai a na ukun na samu iƙama, takardar izinin zama. Wanda ya sha irin wannan ba ya yawan magana. Kunne yake kasawa.

A garejin akwai kanikawa uku 'yan Filifin, Musulmi, babbansu Karim. Kullum na wuce sai su dube ni su yi dariya, wani ya ce "kawatan". Na riƙe kalmar a kaina.

Kusa da ƙofa akwai na'urar ruwan sanyi da benci. Kowace safiya nakan tarar da leda a kan bencin, gurasar tamis mai zafi da wake. A Makka an saba, mutum ya ajiye abinci gefen ruwa fi sabilillahi ya tafi abinsa. Sai in yi bismilla in cinye, in yi wa mai sadakar addu'a. (Har iyayensa nake haɗawa.) Daga baya ledar ta koma biyu. Na ce Allah ya ƙara masa buɗi, nakan tafi da ɗaya gida.

Ana nan sai akwatin sifana ya ɓace. Mudir, shugaban garejin, ya ce duk wanda aka kama, ƙasarsu zai koma. Na san inda ido ke fara sauka in abu ya ɓace, don ya sha sauka a kaina. Da la'asar na nufi maƙwabcina a unguwar Tandabawi, Malam Sanusi, ɗalibin hadisi mai iyali. Na faɗa masa kalmar. Ya danna waya ya ce yaren Bisaya ne, ɗaya daga cikin yarukan Filifin, ga ma jerin kalmominsu da fassarar Turanci. Yana karantawa yana mayar mini da Hausa. Kawatan, ɓarawo. Tulisan, ɗan fashi. Lungkab, fasa ƙofa a shiga. Ilog, fizge.

"Baba, me za ka yi da waɗannan?"

"Maimaita mini kawai."

"Ka yi a hankali fa. Kalma ɗaya ka ji, ba ka ji zancen ba."

Ban saurare shi ba. Na haddace su tsaf. (Fatiha ma ban kama ta da wannan saurin ba.)

Washegari na ci tamis ɗina, na goge hannu a wando, na shiga ofis. Na ce wa mudir 'yan Filifin kullum zancen sata suke yi, na san yarensu. Na jero masa kalmomin duka, har da waɗanda ban taɓa ji a bakinsu ba. Ya sa aka kira Karim, ma'aikata suka cika bakin ƙofa.

"Ya Karim, wane ne kawatan?"

Karim ya dubi ƙasa ya ce wasa ne kawai.

"Wasa? Fasfonka yana cikin durowar nan. Faɗi."

Karim ya ci gaba da kallon ƙasa. 'Ya'ya huɗu gare shi a gida, kowa ya sani. Sannan ya ɗago, da guntun Larabcinsa irin nawa, ya ce:

"Mudir, ba sifana ba. Abincin safe. Ina ajiyewa a benci, ina shiga ƙarƙashin mota, ina fitowa babu. Na duba, na ga Haji ne. Na ce dattijo ne, ƙila yunwa. Na sayo biyu." Ya nuna ni, ya ƙara da cewa, "Haji ya ɗauki biyu."

Wani direba ɗan Sudan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Mudir ya rufe fuska da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Ni ina tsaye, man wake bai gama fita daga yatsuna ba. An ɗaure ni a baya, an zage ni, ban sunkuya ba. Ranar nan na sunkuya.

Na ce, "Na ɗauka sadaka ce."

Karim ya ce, "To, Haji, ta zama sadaka."

Bayan kwana uku aka ga akwatin a ɗakin kayan wata bas da ta dawo daga Madina. Ba wanda ya sace shi.

Abin da ke damuna har yau ba dariyar ba ce. Mutumin nan ya zaɓi ya yi shiru da fasfonsa a hannun wani don kada ya tona ni, ni kuwa na je na koyo yarensa don in jefa shi inda aka sha jefa ni. Kuma a duk yaren, sunayen ɓarayi kaɗai na nema. Ko yadda suke cewa na gode ban tambaya ba. Yanzu in na ji ana zancen ɓarawo, nakan fara tuna abin da na ci da safe.

Karim ya gama kwantiraginsa ya koma gida lafiya. Ni ina nan Kudai, ina wankin mota.