Rigar Gwanjo da Farfesana

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, lokacin kullen korona, ina gidanmu na haya a unguwar Danau Kota, a Malesiya. Mafarin abin wata shuɗiyar riga ce da na saya a gwanjo, mai ƙatuwar lamba a ƙirji. Faɗinta kawai ya burge ni, don tumbina ya fara gardama da sauran kayana.

Farfesan da ke duba aikina na digiri na uku ɗan Malesiya ne, mai wuyar samu. Babina na uku ya yi wata huɗu a hannunsa, ga wa'adin karatuna ya kusa cika. Rannan muna ganawa ta bidiyo sai ya hango rigar. Ashe ta wata ƙungiyar ƙwallon Amurka ce (wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga, ƙarti masu hular kwano su bi mutum su danne), kuma ta garin da ya yi karatu. Ya tambaye ni ko ni ma masoyinsu ne. Maimakon in ce gwanjo ce, sai na ji bakina ya ce ai tun ina yaro.

Washegari ya turo min gyaran shafi goma. Na ce to, ashe ga ƙofar.

Sai na duƙufa. Na haddace tarihin ƙungiyar kamar zan rubuta jarrabawa: yadda aka kafa ta a wani ƙaramin gari, yadda ta yi ƙaura magoya baya suka yi ta kuka, shekarun da ta yi ba kofi, har da kocin da aka kora aka sake dawowa da shi. Duk ganawa sai na fara da "mu" da "yaranmu", Farfesa yana washe baki, babina yana tafiya. Gaskiya na ji daɗin kaina.

Matata ce kaɗai ba ta yarda ba. "Baban Hanifa, ka taɓa kallon wasan nan ko sau ɗaya?" Na ce mata mu masana karantawa muke yi.

Ana nan Farfesa ya gayyace ni mu kalli wasa tare ta bidiyo, da wasu abokansa biyu. Daren Lahadin Amurka safiyar Litinin ce a nan. Na yo tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na gurasar roti daga mamak, mai shayin unguwarmu, na saka rigata, na gyara kyamara. Aka fara. Ban gane komai ba, a yi gudu kaɗan a faɗi, a tashi a yi taro. Amma ga masu shuɗi ga masu fari, ai lissafin mai sauƙi ne.

Can wani mai shuɗi ya fizgi ƙwallo ya tsere har ƙarshen fili. Na miƙe tsaye, na daki tebur, shayi ya zube, ina ihun yaranmu sun gama da su. Har 'yar rawa na taka.

Da na zauna, fuskoki uku ne ke kallona, ba mai motsi. Na ɗauka intanet ce ta tsaya.

Farfesa ya cire tabarau. "Namu ne masu fari. Yau a gidansu muke wasa, shi ya sa muka saka fari."

Na ji kunya har cikin ƙashina. Daga kicin ina jiyo matata tana tarin da na san ba tari ba ne. Na faɗi gaskiya duka, har gwanjon, ina jiran a ce in nemi wani mai duba aiki.

Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce wanda ya iya haddace tarihin ƙungiya guda a mako biyu ba shi da uzuri. Mako ɗaya ya ba ni in kawo babi na huɗu.

Na kawo kuwa, idona jawur. Tun daga lokacin, duk abin da aka tambaye ni ban sani ba, tun kafin mai tambaya ya rufe baki nake cewa ban sani ba.