Yaƙin Ƙwanson Gahawa da Cokalin Ganima

Ku yi mini afuwa tukuna. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba. Wannan shafin ma sau huɗu ina yage shi. Amma na karance littattafan tarihin da ke akwatin gidanmu, har waɗanda gara ta ci gefensu, na ga an rubuta mazajen da ba su sha rabin wahalar da kakana ya sha ba. Sai na ce in ban rubuta ba, ba mai rubutawa. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, da shi na fake. In labarin ya kai kunnensa, don Allah ku ce ba ku san ni ba.

To, da sunan Allah.

Wannan shi ne tarihin Kaka, wato Alhaji Sammani na Fagge, ɗan Malam Barau mai awon gyaɗa, ɗan Tanko Mai-jakai wanda ya je Gwanja sau bakwai ya dawo sau bakwai, ɗan Gagarau wanda ba a san abin da ya yi ba amma an tabbatar ya yi. Sammani Sarkin Huda, Garkuwan Tasha, Madawakin Taragu, wanda ya shekara talatin da biyar yana huda tikitin jirgin ƙasa tsakanin Kano da Nguru, ba mahalukin da ya taɓa ɓuya masa, ko a bayi ko a ƙarƙashin buhun barkono. Giwa mai tabarau, hadari mai lema, zakin da ba ya fita sai ya shafa man zafi a gwiwa.

A zamanin zaman lafiya, kafin fitina ta sauka, gahawar gidan nan a hannun Iya take, wato kakata Hajiya Tabawa. Ta koyo ta wurin wata maƙwabciyarsu Bashuwa tun suna Nguru. Takan soya 'ya'yan gahawa a kasko har su yi duhu, ta daka su a ɗan turmi da citta da kanumfari, ta zuba a buta ta ɗora kan garwashi, ta bari ta taso sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba, sannan ta tace da ƙyalle. Diddigar kuma ta juye a gindin lemon tsami. Shekara arba'in ana haka, ba a taɓa share ko ƙwayar shara ba saboda gahawa.

Sai ga shi a wata shekara mai yawan al'ajabi, Gwaggo Hansatu, 'yar Kaka da ke aikin jinya a Jidda, ta aiko da wani baƙin inji mai kama da kan raƙumi, tare da kwalaye cike da wasu 'yan ƙoƙuna masu ƙyalli, kowanne bai fi marfin kwalba ba, an liƙe bakinsa ruf da garin gahawa a ciki. Mu a gida ƙwanso muke ce musu. Ƙwanso ɗaya, kofi ɗaya. Ka jefa shi a bakin inji, ka danne, ka ji ƙas, inji ya huda shi sama da ƙasa, ya yi gurnani, ya tsiyayo gahawa, ya tofar da gawar ƙwanson a cikinsa.

Masana sun yi saɓani kan abin da ya sace zuciyar gwarzo. Wasu sun ce ɗanɗano, wasu sun ce kumfa. Ni dai, da ƙarancin sanina, ina ganin ƙas ɗin nan ce. Tun da ya ajiye aiki bai sake jin an huda wani abu da irin wannan ƙarar ba. Ranar farko ya sha kofi biyar, ya kwana biyu yana ba mu labarin tashar Ringim. Daga nan ya tsaya a kan uku kullum, in babu wuta a tayar da janareto, unguwa duka ta san Alhaji zai sha gahawa.

Butar Iya kuwa aka kife ta a kan katanga, ƙadangare ya tare a ciki.

Yanzu sai ku san wani abu game da gidanmu: ba a yar da mazubi. Gwangwanin madara ma'aunin gishiri ne, kwalbar magani ta man kaɗanya ce, robar man shafawa ta maɓallai. Amma ƙwanso ya gagari hikimar Iya, domin a huje yake ta ko'ina, ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe gishiri. 'Yan gwangwan suka zo, suka juya shi, suka ce Allah ya ba da haƙuri. Kaka kuwa ya ce abu mai wannan ƙyalli ba a kai shi bola. Ya riƙa tara su a buhu a bayan ɗakin girki, buhu ya haifi buhu, har suka zama uku, rana tana dukansu, leda tana ruɓewa, annoba tana jiran sa'arta.

Sa'ar ta zo ranar wata Litinin ta tsakiyar damina, da hantsi. Sama ta tsage, buhunan suka fashe, rundunar ƙwanso ta fito tsakar gida tana iyo sahu-sahu, ja da kore da ruwan gwal, kamar jiragen yaƙi a bahar maliya, ta nufi rariyar gida ta toshe ta ƙam. Ruwa ya nemi hanya ya rasa, ya juya ya shiga ɗakin girki ba sallama, ya ci garin kuka da yaƙi, ya kama daddawa bayi, ya ɗaga muciya ya fita da ita yawo.

Iya ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa har idon sawu, ta kira shi da muryar da ba ta ɗagawa, wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Alhaji. Zo ka ga aikin baƙonka."

"Hajiya, ruwa ne fa. Ruwa kuwa rahama ne."

"Rahamar ce ta tafi da daddawata? To, ka bi ta ka karɓo."

Nan jinin Gagarau ya motsa. Gwarzo ya tsamo ƙwanso ɗaya, ya ɗaga shi sama yana ɗiga, ya ce, "Wannan da kike rainawa alminiyam ne tsantsa! Kafin Juma'a zan kai wa masu zubin tukwane su narka, in kawo miki tukunyar da za ta dafa shinkafa kwano biyar!"

"Ka faɗa da bakinka, yara suna ji," in ji Iya. "In ka kawo tukunya, injinka ya ci gaba da gurnani har ya gaji. In ba ka kawo ba, na yi masa ritaya, kamar mai shi."

Haka aka ƙulla alkawari, ran inji ya rataya a wuyan tukunya.

Talata da sassafe aka buga tambarin yaƙi, wato gwarzo ya sa ƙafa ya ture baho. Domin ba a kai wa maƙeri ƙwanso da cikinsa, sai an farke kowanne an ƙwaƙule tsohuwar gahawar da ta shekara tana tsami. Sarkin Huda ya yi ɗamara da tsohon rawani, ya naɗe hannun riga, ya zare ƙusa mai inci huɗu a dama, tsohon buroshin haƙori a hagu, ya zauna kan tabarma, ya dubi abokan gaba da idon da ya taɓa firgita fasinjojin tashar Gagarawa, ya yi kururuwar da ba a ji ba tun zamanin jirgi mai gawayi:

"Tikiti! Tikiti, jama'a!"

Ya afka musu. Ya farke na dama, ya tsire na hagu, ya ƙwaƙule na tsakiya. Fumfuna ta taso masa kore shar, ya yi atishawa goma sha ɗaya a jere bai ja da baya ba. Tururuwa suka kawo ɗauki ta ƙafar wando, ya yi wata rawa da ba a san shi da ita ba, ya koma fagen fama. Wani ƙaton kyankyaso, barden abokan gaba, ya fito daga ƙasan buhu ya yi tsaye yana kaɗa gashin baki, suka dubi juna, kuma a nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi: Iya ce ta kashe shi da silifa tana wucewa, ba ta ko tsaya ba. Kwana biyu ana gwabzawa. Da yammacin Laraba aka ƙirga gawa, dubu da ɗari huɗu da goma sha biyu. A ɓangarenmu an yi asarar farce ɗaya da kuma ƙugu.

Alhamis Kaka ya sa babbar riga mai aska takwas, aka loda sababbin buhu uku a adaidaita-sahun Ɗanlasan maƙwabcinmu, aka nufi maƙera can wajen Ƙofar Ruwa. Ni ban je ba, ba a zuwa da mata yaƙi. Abin da ya faru a can ruwaya biyu gare shi, ta Kaka da ta Ɗanlasan. Ta Kaka ta fi daɗi, amma kullum sauyawa take yi, don haka na ɗauki ta Ɗanlasan, Allah ya yafe mini.

Ya ce sun iske Malam Nadabo mai zubin tukwane a gaban wutarsa, tsoho mai sanƙo, yana narka tsohon murfin injin mota. Kaka ya sa aka kwance buhu a gabansa kamar ana buɗe taskar sarakuna, ya ce, "Tukunya nake so, mai cin kwano biyar. In ya yi saura ka yi mini murfi."

Malam Nadabo ya ɗauki ƙwanso ɗaya, ya matsa, ya ciza, ya jefa a wuta. Abin ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi, ya ɗiga, wari ya kori kowa.

"Alhaji, wannan roba ce aka yi wa kwalliya."

"Roba? Ba ka ga tana ƙyalli ba?"

"Ai kaina ma yana ƙyalli, ranka ya daɗe, ba a taɓa zuba tukunya da shi ba."

Ɗanlasan ya rantse a nan ya ga babbar riga ta rage girma. Amma gwarzo ba ya faɗuwa da sara ɗaya. Ya ce a tantance, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake duba tarago. Aka zazzage buhu uku a ƙasa, aka yi ta ciza ana matsawa har azahar, sai aka gano masu ruwan gwal, na kwalin farko, su kaɗai ne ƙarfen gaske. Guda tasa'in da uku. Aka narka su, aka kwashe dattin da ya taso, abin da ya rage a gindin kasko ya yi kamar hawayen mutum ɗaya. Malam Nadabo ya ture ma'aunin zubin tukunya gefe. Ya jawo na ludayi, ya leƙa kasko, ya ture shi ma. Ya jawo na cokalin shayi. Ko shi ɗin bai cika ba, ƙarfen ya ƙare a rabin mariƙi.

Da Kaka ya juya zai tafi da ganimarsa, maƙerin ya kira shi.

"Alhaji, kayanka fa?"

"Na bar maka, kyauta."

"A'a, wallahi. Kwashe abinka. Mu ma rariya gare mu."

Da la'asar sakaliya rundunar ta dawo gida: buhu uku cif kamar yadda suka tafi, da gwarzo a tsakiyarsu, da wani abu a naɗe cikin hankici. Ba a yi guɗa ba. Iya tana zaune a gindin lemo, ta riga ta kori ƙadangare, ta wanke buta da toka, ta hura gawayi, kamar wadda aka yi wa waya, alhali ba wanda ya yi mata.

Ya miƙa mata hankicin da hannu biyu. Ta warware, ta ɗaga cokalin, ta duba gaba, ta duba baya, ta auna guntun mariƙin da ɗan yatsa.

"Wannan ce mai kwano biyar ɗin?"

"Somin-taɓi ne, Hajiya. Ƙarfen ne na zamani, ba shi da auki."

"Ina murfin?"

Madawakin Taragu ya dubi lemo kamar yau ya fara ganinsa.

Iya ta tashi ta zare wayar inji daga bango, ta goge shi tas, ta lulluɓe shi da ɗan ƙyallen saƙa, ta sa shi a kabad ɗin gilashi tsakanin tangaran ɗin da ba a cin abinci a ciki, yadda in Gwaggo Hansatu ta kira ta bidiyo za a nuna mata yana nan lafiya. Ta dawo ta tsoma cokalin ganima a turmi, ta ɗebo gari, ɗaya, biyu, uku, ta zuba a buta.

"Daidai ma'auni," ta ce. "Da ma nawa ya ɓata a ambaliyarka."

Buhunan kuwa ba wanda ya san inda za a kai su, sai aka jingine a gindin katanga, nesa da rariya. A kan ɗaya daga ciki gwarzo yake zaune yanzu haka, yana motsi suna ƙaras-ƙaras, ya kurɓi gahawar da ta taso sau uku, ya lumshe ido, ya ce citta ta yi yawa, ya miƙa kofi a ƙara masa.

Ni kuma ina bayan labule da littafina, kuma na ga ya fara gyara tabarau yana waige-waige da idon nan nasa na neman wanda ya ɓuya. Bari in tsaya haka. Na cusa littafin cikin hijabi, na riƙe takalma a hannu, na bi gefen bango zuwa zaure. A bakin ƙofa na taka wani ƙwanso da ya tsira daga yaƙi, ya yi ƙas, ban waiwaya ba.