Motar da Nazifi Ya Shuka

Malam Barau, mutumin Talatar Mafara, ya yi shekara talatin yana tuƙa tarakta a gonakin noman rani kafin ya yi ritaya. Ɗansa Nazifi ne ya lallaɓa shi ya kai musu ziyara Kanada, wai ya huta. Hutun kuwa bai wuce zama gaban na'urar ɗumama ɗaki da bargo biyu ba, yana ƙirga kwanakin komawa gida. Ranar tafiya ta zo, jirgi ƙarfe sha ɗaya, sai aka wayi gari dusar ƙanƙara ta kai ƙugu, ta shafe 'yar hanyar da mota ke bi daga ƙofar gida zuwa titi.

Nazifi ko a jikinsa. Da ma ya sayi wata 'yar ƙaramar tarakta mai bokiti a gaba, wata biyu yana neman ranar da zai nuna wa tsohon cewa shi ma ya gaji sana'ar. Ya haye, ya toshe kunnuwa, ya fara kwasar dusar yana jibgewa a kan wani tudu da ke gindin bishiya.

Malam Barau na leƙowa ta taga ya miƙe zumbur, don shi kaɗai ya ga inda Hindatu, matar ɗan nasa, ta ajiye mota jiya da yamma. Ya fito da bargonsa, haƙora na kaɗawa.

"Kai Nazifi! Tsaya tukuna, wannan tudun..."

"Baba, don Allah ka koma ciki, kar sanyi ya kama ka."

"Magana ɗaya zan gaya maka."

"Baba, nan fa ba Mafara ba ce. Wannan aikin ba irin naku na da ba ne, sai wanda ya karanta takardar injin."

Maganar ta yi wa tsohon ciwo ba kaɗan ba. Yaron da ya koyi zama a kan cinyarsa bisa tarakta, yau shi ke kira masa takarda! Ya ja bakinsa ya tsuke, ya koma ciki, ya ce a haɗa masa shayi. Yana kurɓa yana kallon agogo, tudu kuwa sai ƙara tsawo yake har ya kusa kamo reshen bishiya.

Wajen ƙarfe goma hanya ta fito fes. Nazifi ya shigo yana huci, yana karkaɗe hula.

"Baba, ka ga aiki ko? Hindatu, fito da jakunkuna. Ina kika ajiye motar ne?"

"Gindin bishiya mana," in ji ta.

Nazifi ya juya ya dubi tudun da ya gina da hannunsa, ya dubi agogo, ya sake duban tudun. Sai ya ruga ya ɗauko shebur.

"Baba, ai da ka faɗa min! Yanzu ya za mu yi?"

Malam Barau ya ƙarasa shayinsa, ya gyara bargo.

"A'a, kar ka tone ta, shukar ta yi kyau. Tunda jirgi zai tafi ya bar ni, ina nan har bazara, sai mu ga ko mota na tsirowa a ƙasar taku."