Allurar da Gwaggo ta gano a damtsena

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwar mijina a Rigasa ba, ranar da na kusa sa wanzami ya tsaga min hannu a banza.

Haihuwa huɗu na yi a jere, kullum ga goyo ga ciki, ta huɗun kuwa saura ƙiris ta tafi da ni. Shi ne muka yi shawara da mijina, Abban Sadik, na je asibiti aka sa min ashana, ɗan tsinken nan na tazarar haihuwa da ake turawa ƙarƙashin fatar damtse. Muka ce ba mai ji, balle Hajiya, mahaifiyarsa.

Son gayu ne ya ja min. Na sa tela ya yi wa ankona guntun hannu (rabona da kwalliya tun ina amarya, kuma ina kewar yarinyar da nake a lokacin). Ina cikin rabon shinkafa mayafi ya zame, Gwaggo Asabe, yayar Hajiya, ta kamo damtsena tana sa min albarka. Sai na ji yatsanta ya tsaya. Ta danna, ta sake dannawa.

"Innalillahi! Hajiya, zo ki taɓa! An yi wa yarinyar nan jifa, ga allura kwance a jikinta!"

Kafin ka ce kwabo mata sun yi min rumfa. Mai tofi na yi, mai shafa man habbatus sauda na yi. Hajiya ta fashe da kuka: "Shi ya sa tun da ta yaye na huɗun shiru! Na san ba banza ba." Ni kuwa, maimakon in buɗe baki, sai ga ni ina taya su salati (har da cewa lallai kwanan nan ina mugayen mafarkai, Allah Ya yafe min).

Ban dawo hayyacina ba sai da na ji Gwaggo ta ce a kira wanzami ya zo da aska a cire. Ɗan hutun da na samu da ƙyar zai tafi ina kallo.

"Gwaggo, ba jifa ba ne," na ce. "Na hutun haihuwa ne. Da ƙafata na je aka sa min."

Hajiya ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "To, a mayar min da kukana." Aka kwashe da dariya, ni kuwa ina tsaye, man habbatus sauda na bin gwiwar hannuna.

A nan kewar Innata ta taso min. Wajen haihuwa ta tara ta rasu, ban ko shiga sakandare ba. Da an sa mata ɗan tsinken nan, da wataƙila tana zaune a kan tabarmar can tana taya su yi min faɗa. Wallahi da na so in ji faɗan nata ko sau ɗaya.

Na dai koyi darasi: maganar da ka kasa faɗa wa mutum ɗaya a ɗaki, gaban taro za ka faɗe ta. Amma ashana tana nan daram. Gara 'ya'yana su ji ana ba da labarin uwarsu ana dariya, da su ji ana ba da shi ana cewa Allah Ya jiƙanta.